Yadda Ake Karanta Wasan Jirgin Sama Mai Inji Biyu a Kusa da Ƙasa

Wanda ya tsaya a bakin filin jirgi ranar bikin wasannin sama, ko ya zauna yana kallon bidiyon bikin a wayarsa, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne ƙarar inji da farin hayaƙi da yadda jirgi ke sharar ƙasa kamar zai taɓa ciyawa. Waɗannan ukun kuwa ba su da wuyar samarwa, domin hayaƙin wani mai ne na musamman da ake fesawa cikin salansa mai zafi, kusantar ƙasa kuma ko marar hankali yana iya yinta sau ɗaya. Gwanintar tana cikin lissafin da matuƙi ke yi na gudu da tsayi kafin kowane juyi, da kuma rarar da yake bar wa kansa idan wani abu ya lalace. Da wannan lissafi ne kuma ake auna amfanin inji na biyu a ƙananan jirage masu farfela, shi ya sa wasan jirgi mai inji biyu ya fi kowane wasa koyar da mai kallo, musamman ɗalibin tuƙi da ke shirin komawa kan irin wannan jirgi.

Misalin da ya fi dacewa a bi shi ne na Bob Hoover, matuƙin Amurka da aka haifa a Nashville a 1922, ya rasu a 2016. Ya tuƙa jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka harbo shi a 1944 suka tsare shi wata 16, daga baya ya tsere da wani jirgin yaƙinsu ya sauka a Holan. Shi ne ya bi Chuck Yeager a jirgin rakiya ranar 14 ga Oktoba 1947, lokacin da aka fara wuce gudun sauti. Amma abin da jama'a suka fi saninsa da shi shi ne wasan da ya riƙa yi daga 1968 har ƙarshen shekarun 1990 da wani jirgin 'yan kasuwa mai suna Shrike Commander.

Ka fara da sanin irin jirgin da ke gabanka

Kafin jirgi ya tashi, ka tambayi kanka ko don wasa aka ƙera shi. Matuƙa suna auna wahalar da jirgi ke sha da ninkin nauyinsa, abin da suke kira ji: jirgin da ke tafiya a miƙe yana ɗauke da ji ɗaya, idan ya karkata digiri 60 yana kwana ba tare da ya sauka ba nauyinsa ya ninka biyu, idan aka fizgo hancinsa sama da ƙarfi yana iya kaiwa ninki huɗu ko shida. Dokokin Amurka da aka ƙera yawancin waɗannan jirage a kansu sun raba su gida-gida. Jirgin sufuri na yau da kullum an gina shi ya jure ninki 3.8, jirgin wasa kuma ninki 6 a zaune da ninki 3 idan yana kife. Akwai ƙarin rabi da injiniyoyi ke sakawa a bisa wannan iyaka kafin ƙarfe ya karye, amma jirgin da ya shiga cikin wannan ƙari ya riga ya fara lanƙwasa.

Shrike Commander na gidan farko ne. Jirgi ne mai fiffike a saman jiki, faɗinsa kusan mita 15, nauyinsa da cikakken kaya ya ɗan haura tan uku, yana ɗaukar mutum shida ko bakwai, yana da injin Lycoming guda biyu masu ƙarfin doki 290 kowanne. Asalin zanensa na wani injiniya ne mai suna Ted Smith, kuma tun farkon Aero Commander, kamfanin da ke ƙera shi, da tashi da inji ɗaya aka yi tallarsa: a 1951 sun cire farfela ɗaya gaba ɗaya, suka sa ta cikin jirgin, suka tashi daga Oklahoma zuwa Washington da ɗaya injin kaɗai. Bayan 'yan shekaru shugaba Eisenhower ya riƙa hawa irin wannan jirgi a gajerun tafiye-tafiyensa. Da kamfanin da Hoover ke wa aiki, North American, ya haɗe da Rockwell, wanda ya mallaki Aero Commander, a 1967, sai aka ɗora masa aikin nuna wa jama'a abin da jirgin zai iya, domin a samu ciniki.

Sanin wannan shi zai gaya maka abin da za ka nema. Jirgin wasa na gaske kamar Pitts ko Extra yana yafe wa matuƙi fizga da gaggawa, jirgin fasinja kuwa ba ya yafewa. A 1983, a garin Plainview na jihar Texas, wani matuƙi yana wasa da Partenavia P68, jirgin fasinja mai inji biyu, ya wuce gaban jama'a da gudu mai yawa ya fizgo hanci sama, fikafikan biyu suka ɓalle daga gefen waje na injinan, ya mutu nan take. Saboda haka idan ka ga babban jirgi mai inji biyu yana juyi a hankali, da faɗi, ba tare da wani motsi na ba-zata ba, kada ka ɗauka matuƙin tsoro yake ji. Iyakar ƙarfen jirginsa yake kiyayewa, kuma hakan ya fi fizga wuya nesa ba kusa ba.

Ka bi gudu da tsayi da idonka

Jirgin da ke sama yana da ajiya iri biyu, tsayinsa daga ƙasa da gudunsa, kuma kowanne ana iya canza shi zuwa ɗayan, kamar yadda yaron da ke kan lilo yake fin gudu a ƙasa, ya tsaya cik a ƙololuwa, sannan ya dawo da gudun da ya bayar. Inji aikinsa ƙara wa ajiyar, jan iska kuma aikinsa rage ta. A lissafin takarda, jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa, idan ya ɗaga hanci ya hau har gudunsa ya sauko zuwa 130, zai samu tsayin mita kusan 290 ko da injinsa a kashe yake, sai dai a aikace jan iska zai ci wani kaso daga ciki. Kowace kwana mai tsanani, kowane motsin sitiyari da ya wuce kima, kowane karkacewar jiki da ke sa jirgi tafiya da gefe, duk asara ce daga wannan ajiya.

Wasan Hoover a kan wannan aka gina shi. Yakan fara da injinan biyu, sannan ya kashe ɗaya ya ci gaba da juyi, daga ƙarshe ya hau sama ya kashe duka biyun, farfeloli su tsaya cak har mai kallo ya iya ƙirga ruwansu. Daga nan sai ya sunkuyo da jirgin ya tara gudu, ya yi alkafura cikakkiya a tsaye, ya mirgina jirgin yana tsayawa sau takwas kafin ya cika zagaye, ya yi kwana ya fuskanci titi, ya taɓa ƙasa da taya ɗaya, ya ɗaga ya taɓa da ɗayar, sannan ya gangaro da sauran gudun har gaban jama'a ya tsaya. Filin yakan yi tsit, ba a jin komai sai shewar iska a jikin fikafikai.

Idan kana kallon irin wannan, ka lura da abu uku. Na farko, inda hancin jirgi yake kallo lokacin da aka kashe inji, domin gwani ba ya kashewa sai yana da tsayin da zai kai shi titi ko da bai yi wasan komai ba. Na biyu, ka lura da yadda kowane juyi ke ƙarewa da ɗan abin da zai fara na gaba. Idan jirgi ya fito daga alkafura yana rangaji kuma hancinsa a sama, ajiyar ta ƙare da wuri. Na uku kuma, ka dubi lokacin da aka saukar da tayoyi, saboda taya a waje birki ce babba, kuma mai kashe inji ba ya fitar da ita sai ya tabbata titin yana hannunsa.

Akwai bidiyon da ya shahara inda Hoover ke zuba shayi mai sanyi daga jug zuwa kofi yayin da jirgin ke mirginawa har ya kife ya dawo, shayin bai zube ba. Wannan ba siddabaru ba ne. A irin wannan mirgine mai faɗi, jirgin yana bin hanya mai murɗewa wadda ke danna komai na ciki zuwa ga daɓensa daga farko har ƙarshe. Amfanin hakan ya wuce shayi: injin jirgin fasinja ba a yi shi don aiki a kife ba, idan nauyi ya juya sai baƙin mai ya bar famfonsa, fetur ya bar bakin bututu. Mai wasa da irin wannan jirgi dole ya zaɓi juye-juyen da ba sa barin nauyi ya koma sama, shi ya sa ba za ka gan shi yana doguwar tafiya a kife ba.

Ƙofofin da matuƙi ke dubawa

Masu wannan sana'a ba sa shiga juyi da ƙiyasin ido. Kowane juyi yana da lambobi biyu da aka rubuta tun a ƙasa, gudun shiga da tsayin da dole a samu a ƙololuwa, kuma suna kiran waɗannan wurare ƙofa. Idan jirgi ya kai saman alkafura yana kife, matuƙi ya dubi ma'aunin tsayi ya ga bai kai lambar ba, ƙa'ida ita ce ya mirgina ya miƙe ya fasa, komai yawan jama'ar da ke kallo. Dalilin shi ne rabin da'irar da ya rage yana buƙatar fili wanda ba a iya rage shi da ƙarfin hannu. Faɗin kwana yana ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa, wato idan gudu ya ninka biyu faɗin ya ninka huɗu, sannan fiffike yana da kusurwar da idan aka wuce ta sai ya saki iska ya daina ɗaukar jirgi. Gudun da hakan ke faruwa a kansa yana hawa tare da nauyi: a ninki huɗu, ya zama biyun wanda aka saba. Matuƙin da ya ga ƙasa na tahowa ya ƙara jan sitiyari, sau da yawa shi ke hanzarta faɗuwarsa.

Haɗarin Shoreham a Ingila ranar 22 ga Agusta 2015 ya nuna wannan ƙarara. Wani tsohon jirgin yaƙi, Hawker Hunter, ya shiga alkafura da ƙarancin gudu, ya kai ƙololuwa ƙasa da tsayin da ake buƙata, matuƙin bai fasa ba, jirgin ya faɗa kan babban titin mota ya kashe mutum 11. A Satumba 2003 kuma, a sansanin Mountain Home na jihar Idaho, wani matuƙin Thunderbirds, ƙungiyar wasan sama ta sojojin saman Amurka, ya fara juyin saukowa daga tsayin da ya gaza da kusan ƙafa 800, saboda kuskure wajen lissafa tsayin filin daga teku, wanda ya bambanta da na filin da suka saba atisaye. Ya fice da kujerarsa ƙasa da daƙiƙa ɗaya kafin jirgin ya daki ƙasa.

Zafi da tsayin fili suna canza dukkan lambobin. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji yana samun ƙarancinta, farfela da fiffike ma haka, jirgi kuma yana buƙatar gudu na zahiri mafi yawa don ma'auninsa ya nuna lamba ɗaya, abin da ke faɗaɗa kowane juyi. Matuƙa suna ƙara kimanin ƙafa 120 ga tsayin fili a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya haura na ƙa'ida. Filin jirgin Kano bai wuce ƙafa 1,600 daga teku ba, amma da rana a watan Afrilu, zafi na digiri 40, jirgi zai yi aiki kamar yana kusan ƙafa 5,000, injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke matsa masa ƙarin iska, kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne ke yanke hukunci a kan inji na biyu.

Yadda ake auna inji na biyu

Mutane da yawa suna ɗauka jirgi mai inji biyu, idan ɗaya ya mutu, rabin ƙarfinsa kawai ya rasa. Rabin ƙarfin inji ne ya tafi, gaskiya ne, amma jirgi da rarar ƙarfi yake hawa, wato abin da ya saura bayan an biya na tafiya a miƙe. A ɗauki misali da jirgi mai inji biyu na doki 200 kowanne, wanda ke buƙatar 160 don ya tsaya a sama: da inji biyu rararsa 240 ce, da inji ɗaya ta koma 40, kashi ɗaya cikin shida ke nan, tun ba a lissafa jan da mataccen injin ke ƙarawa ba. Shi ya sa malaman tuƙi ke cewa rasa inji ɗaya yana cin kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin hawa ko fiye. Tsohuwar dokar Amurka ma ba ta tilasta wa ƙananan jirage masu inji biyu, waɗanda nauyinsu bai wuce fam 6,000 ba kuma suke iya sauka a hankali, su iya hawa da inji ɗaya ba. Jirgin Piper Apache na farko mai injinan doki 150, cike da mutane a ranar zafi, abin da injin da ya rage zai yi masa shi ne ya jinkirta saukarsa.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari. Injin da ke raye yana gefe ɗaya na jirgin, yana jan wannan gefe gaba, mataccen kuma yana riƙe nasa gefen baya, sai hancin ya juya wajen mataccen. Abin da ke hana wannan juyi shi ne allon wutsiya da matuƙi ke takawa da ƙafa, shi kuma ƙarfinsa daga gudun iska yake. Akwai gudun da idan jirgi ya sauko ƙasa da shi allon ba zai iya ba, sai jirgin ya juya ya kife cikin 'yan daƙiƙu. A ma'aunin gudu an yi wa wannan wuri jan layi, an kuma yi shuɗin layi a gudun da jirgi ya fi hawa da inji ɗaya. Ɗalibin da ke koyon jirgi mai inji biyu, rabin karatunsa a tsakanin waɗannan layuka biyu yake. A yawancin jiragen Amurka farfeloli biyun suna juyawa ta fuska ɗaya, kuma mutuwar injin hagu ta fi muni, domin idan hanci na sama ƙarfin injin dama yana faɗawa nesa da tsakiyar jirgi. Kamfanin Piper ya magance wannan a Seneca da Seminole ta hanyar sa farfelolin su juya a saɓanin juna, Cessna kuma a Skymaster ta ajiye inji ɗaya a hanci ɗaya a baya, a layi guda.

Ga tsarin da ake koyarwa idan inji ya mutu bayan tashi. Da farko a riƙe jirgin: a taka ƙafa a tsayar da hanci, a saukar da shi kaɗan a nemi shuɗin layi. Sannan a tura hannayen inji gaba duka, jajayen na cakuɗa mai da iska, shuɗɗan na farfela, baƙaƙen na totur, a ɗage tayoyi da faifan sauka na bayan fiffike. Bayan haka a gano injin da ya mutu, kuma hanyar ganewa a ƙafa take: ƙafar da ba ta aikin komai, injin gefenta ne ya mutu. Kafin a kashe shi sai an tabbatar, ta hanyar janyo totur ɗinsa baya a ga ko wani abu ya canza. Wannan mataki ba na wasa ba ne, domin ko a manyan jirage an taɓa kashe lafiyayyen inji a bar marar lafiya, kamar yadda ya faru a Kegworth ta Ingila a Janairu 1989, inda mutum 47 suka mutu. Idan an tabbatar, sai a juya ruwan farfelar su fuskanci iska da kaifinsu, ta tsaya cak. Farfelar da iska ke juyawa tana jan jirgi baya kusan kamar faifai mai faɗinta, kuma bambancin hawa da sauka sau da yawa a nan yake. Daga ƙarshe a karkatar da jirgin digiri biyu ko uku wajen injin da ke aiki, kada a wuce biyar.

Yanzu ka koma ga wasan. Lokacin da ka ga jirgi mai inji biyu ya tsayar da farfela ɗaya yana mirginawa, ka dubi ko gudunsa yana da yawa, domin mai hankali ba ya kusantar jan layi a gaban jama'a. Ka kuma lura cewa kashe injinan biyu, wanda ya fi ba jama'a tsoro, ta wata fuska ya fi sauƙin sarrafawa, tunda babu mai jan jirgin gefe. Wahalarsa ita ce ba a samun damar sake gwadawa. Matt Younkin, wanda ke wasa da Beech 18, tsohon jirgi mai injinan Pratt & Whitney na doki 450 kowanne, yana nuna irin wannan laushin hannu da jirgin da ya fi Shrike nauyi.

A ganina, fa'idar inji biyu ta gaske tana can sama, a tsakiyar tafiya. Wanda ke tsallake teku ko hamada ko duwatsu, ko yake tafiya da dare cikin gajimare, idan inji ɗaya ya tsaya yana da awa guda ko fiye ta zaɓar filin sauka, mai inji ɗaya kuwa 'yan mintoci ne gare shi. Yana da janareto biyu da famfon iska biyu na na'urorin tuƙi, yana ɗaukar kaya fiye, hancinsa kuma a sake yake don jaka ko na'urar hango hadari ko kyamara. Shi ya sa jirage irin su Beech Baron da Cessna 310 da Piper Navajo da Britten-Norman Islander suka daɗe suna aikin haya da jigilar marasa lafiya a wuraren da filaye ke nesa da juna. Abin da ake biya kuwa shi ne mai da gyara kusan ninki biyu, da yiwuwar mutuwar inji ninki biyu, da kuma waɗannan 'yan daƙiƙun bayan tashi inda matuƙin da ya yi wata shida bai yi atisayen inji ɗaya ba ya fi mai inji ɗaya shiga haɗari. Saboda haka kafin ka tura totur, ka faɗa wa kanka da baki abin da za ka yi: idan inji ya mutu tayoyi na ƙasa ko gudu bai kai shuɗin layi ba, a rufe totur biyun a sauka gaba. Ka kuma buɗe littafin jirgin ka duba ko a nauyin yau da zafin yau zai hau da inji ɗaya, in ba zai hau ba a rage kaya ko a jira sanyin safiya.

Mai ma abin dubawa ne. Hoover ya taɓa faɗuwa jim kaɗan bayan tashi daga wani fili a San Diego, saboda an zuba wa Shrike ɗinsa kananzir na jiragen jet a maimakon fetur, injinan biyu suka mutu tare. Shi da fasinjojinsa sun tsira, kuma daga wannan ne aka yaɗa faffaɗan bakin tiyo na man jet da zoben da ke ƙuntata bakin tankin jiragen fetur, har ake kiransu da sunansa. Inji biyu da ke shan mai daga tiyo ɗaya ba sa kare juna, don haka ka tsaya a wurin lokacin da ake zuba mai, ka tsiyayo kaɗan a kwalba: fetur ɗin jirgi shuɗi ne, man jet kuma fari-fari ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, da warin kananzir. Tsadar wannan fetur da wahalar samunsa a Afirka ta Yamma na cikin dalilan da suka sa Diamond DA42 ya samu karɓuwa, domin injinansa na dizal ne masu fistin da ke shan man jet, kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana cikin masu koyarwa da shi.

Matakan da ake hawa, da inda ya kamata ka tsaya

Babu wanda ke fara wasa daga ƙasa. A Amurka doka ta hana juyin wasa ƙasa da ƙafa 1,500, kuma masu koyo sun fi haka hawa, tare da malami, a jirgin da aka yi don wasa. Wanda ke son yi a gaban jama'a sai wani gogaggen mai wasa da aka amince da shi ya gwada shi, a ba shi takardar da ta fara daga ƙafa 800. Bayan ya yi wasanni da dama ana sake duba shi ya sauko zuwa 500, sannan 250, daga ƙarshe a sake masa har ƙasa, kuma takardar sabuntawa ake yi. Wanda ya ga bidiyo ya je ya gwada mirgina jirgin haya, ya tsallake duk waɗannan matakai da jirgin da ba a gina don haka ba.

Kai mai kallo kuma, ka san cewa igiyar da aka ja a gabanka da gawawwaki aka sayo ta. A Farnborough a 1952 wani jirgi ya tarwatse a sama injinsa ya faɗa cikin jama'a, mutum 31 suka mutu. A Ramstein ta Jamus a Agusta 1988 jiragen Italiya uku suka yi karo, mutum 70 suka mutu. A Sknyliv ta Yukiren a Yuli 2002 aka rasa 77. Dokar Amurka ta yau ta raba jama'a da layin wasa da ƙafa 500 ga jirage marasa gudu sosai, 1,000 ga matsakaita, 1,500 ga masu gudun da ya haura kilomita 450 a awa, kuma ta taƙaita juyin da ke tunkarar 'yan kallo. Idan ka je babban taro irin na Oshkosh da ake yi a jihar Wisconsin a ƙarshen Yuli, ko wani ƙaramin biki a ko'ina, ka tsaya cikin wurin da aka keɓe. Masu fakewa a bakin titin mota ko a gonakin da ke ƙarshen filin don su kalla kyauta, a daidai ƙarƙashin inda jirage ke juyowa suke, kuma dukkan waɗanda suka mutu a Shoreham a wajen filin suke.